Ginin Ƙasa a Matsayin Gidan Adana Kayan Tarihi

1.0 Gabatarwa

A darussan al'ada akan kawo gini cikin jerin sana'o'in Hausawa na gargajiya, a ambaci kayan aikin magini da sarautar Sarkin Magina, daga nan a wuce zuwa ƙira ko jima. Wannan darasi zai tsaya a kan gini ta wata fuska dabam. Za a dubi gidan da aka keɓe domin adana kayan tarihi, a ga yadda kayan da aka gina shi da su, da dabarar da magini ya bi, suke sarrafa abin da mai ziyara yake gani da ido, da wanda yake ji a kunne da fata da hanci. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, a ƙasar Hausa ginin gidan tarihi shi ne kayan tarihi na farko da baƙo yake cin karo da shi, tun kafin ya kai ga takobi ko sulke ko rubutaccen littafin da aka ajiye a ciki. Za a ɗauko misalai daga Kano da Katsina da Zariya da Jos, sannan a ga abin da malamin Hausa da aka tura Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi zai iya yi da wannan ilmi.

2.0 Ire-iren Gidajen Tarihi

Gidan adana kayan tarihi wuri ne da ake tattara abubuwan da al'umma ta gada, a kare su daga lalacewa, a kuma baje su domin jama'a su gani su ilmantu. A Nijeriya, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da manyan irin waɗannan gidaje. Ta fuskar gini kuwa sun kasu gida biyu. Akwai wanda tun daga harsashi domin wannan aiki aka gina shi, kamar gidan tarihi na Jos da Bernard Fagg ya buɗe a 1952. Akwai kuma tsohon gini mai tarihin kansa da aka mayar gidan tarihi daga baya.

Kashi na biyu ya fi shafar mu. Gidan Makama da ke kusa da fadar Sarkin Kano shi ne fitaccen misali. Ruwayar da aka fi sani ta danganta shi da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), kuma bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi a matsayin ofis. Haka nan Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya fara makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Sai kuma tsohon ginin Kwalejin Horon Malamai ta Katsina da aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ya kamata ɗalibin kwalejin ilmi ya lura da wannan na ƙarshe, domin uwar makarantun horon malamai a Arewa da ƙasa aka gina ta.

3.0 Kayan Gini

Magini Bahaushe ba ya ɗibar ƙasa ko ta ina. Yakan nemi jar ƙasa mai danƙo da ɗan tsakuwa-tsakuwa, wadda ake kira birji, domin ƙasar da yashi ya yi mata yawa ba ta kamawa, wadda laka ta yi mata yawa kuma tsagewa take yi idan ta bushe. Ramukan da aka haƙo wannan ƙasa su ne suka zama kududdufai a tsofaffin birane. Idan an haƙo ta sai a jiƙa, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, wani lokaci da kashin dawaki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakewa. Da wannan kwaɓi ake mulmula tubali da hannu ba tare da ma'auni ba, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana har ya bushe. Wajen aza shi, gindin ne a ƙasa, a cike tsakani da ɗanyen kwaɓi. Bangon yakan fara da kauri sosai daga tushe, yana sirancewa yayin da yake hawa, shi ya sa tsohon gini yake da alamar ya dafe ƙasa da ƙarfi.

Abu na biyu shi ne azara, wadda ake faskarowa daga kututturen giginya, musamman namijin. Darajarta biyu ce: tana da ƙarfin ɗaukar nauyi, gara kuma ba ta cika cin ta ba. Saboda haka idan tsohon soro ya faɗi, azararsa ake fara tsamewa a sake aiki da ita, har ma akan gaje ta kamar yadda ake gadon gona. Giginya kuwa tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma ga ta tana ƙaranci, don haka azara ta yi tsada a yau.

Na uku su ne kayan kariya daga ruwa. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. A jiƙa shi, a kwaɓa ƙasa da ruwan, a yaɓe bango ko a yi daɓe, ta ba da launi mai duhu da tauri. Laso ya fi ta ƙarfi da tsada. Ana haɗa shi ne da katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin karofin rini wanda ake busarwa a ƙone, da gashin da aka kankare daga fatun awaki a majema, da ruwan dafara mai yauƙi. A nan akwai abin lura ga mai nazarin al'ada. Rufin soro guda ya haɗa marini da majemi da mai saran giginya da magini. Ke nan idan marina suka rufe a gari, magini ya rasa katsi, laso ya ɓace, ko da kuwa wanda ya iya haɗa shi yana raye. Sana'o'in gargajiya a sarƙe suke da juna, kuma malamin da ya koyar da su ɗaya bayan ɗaya kamar jerin sunaye ya ɓoye wa ɗalibansa wannan sarƙa.

4.0 Dabarar Rufi

Gwanintar magini a rufi take bayyana. Azara guda ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar bango da bango ta wuce kimanin mita biyu. To, yaya aka yi aka rufe zauren fada mai faɗin da zai ɗauki fadawa da baƙi?

Amsar ita ce bakan gizo. Magini yakan dasa azara a cikin bango ta ɗan karkato ciki, ya ɗaure wata a kanta da igiya ta ƙara miƙowa, ya lulluɓe su da kwaɓi, ya jira ya bushe, sannan ya ƙara wani hawa. Haka zai yi daga bangon da ke fuskantar wannan, har hannuwan biyu su haɗu a sama su yi baka. Idan bakuna biyu ko fiye suka gitta juna a tsakiya, shi ne ɗaurin guga, domin ya yi kama da yadda ake ɗaure bakin guga. Bakunan sun raba rufin zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi bai fi ƙarfin azara ba. Sai a jera azara a gurabun, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a shafe da laso. Daga waje abin da ake gani shi ne tulluwa, da zankwaye a kusurwoyi, da indararo mai tsawo da ke jefa ruwa nesa da gindin bango.

Aikin ba ya son gaggawa, domin kowane hawa sai ya bushe kafin a ɗora wani, shi ya sa da rani ake gini, bayan an kawar da amfanin gona. Kuma babu zane a takarda. Ma'aunin magini shi ne kamu da taƙi da tsawon azara, ilminsa kuma a hannu da ido yake, daga uba zuwa ɗa ko daga ubangida zuwa yaro. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Za a dawo kan wannan masallaci nan gaba.

5.0 Abin da Jiki ke Ji

A ɗauki mai ziyara da ya isa Gidan Makama da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Abin da zai fara ji da ya shiga zaure shi ne sanyi. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, sai bayan sa'o'i da yawa zafin yake ratsowa ciki, lokacin dare ya yi, iska ta huce. Da hunturu kuma akasin haka ne, ɗumin da bangon ya tara da rana shi yake saki da dare. Wannan jinkiri yana da amfani ga kayan da aka ajiye, domin abin da ya fi lalata fata da takarda da itace shi ne saurin sauyawar zafi da laima. A ƙasarmu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da hunturu, ta hau sosai a watan Agusta. Bangon ƙasa yana tsotsar laima idan ta yi yawa, ya sake ta idan iska ta bushe, don haka yana rage kaifin wannan hawa da sauka ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, balle jiran wutar lantarki.

Na biyu shi ne duhu. Tagogin soro ƙanana ne, a can sama suke, don haka wanda ya fito daga hasken rana sai ya dakata idonsa ya saba. Wannan dakatawa tana sa mutum ya rage sauri ya kuma rage murya. Da ido ya washe, sai ya ga bakunan rufi da jeren azara, sannan ya ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birnin Kano masu ƙarfe da aka ajiye a gidan. Hasken da ke shigowa ta gefe yana fito da tudu da kwarin zayyanar bango, irin su dagi, abin da farin ƙwan lantarki daga sama yake shafewa. Masu kula da kayan tarihi a duniya sun yi ittifaƙi cewa tufafin da aka rina da rubutun tawada ba sa son haske mai ƙarfi, domin koɗewa suke yi. Ashe duhun da ake kushe soro da shi gata ne ga rigar saƙi da takardar ajami.

Kunne ma yana da rabonsa. Yaɓen ƙasa ba ya mayar da sauti da kaifi kamar siminti da gilashi, ga kuma kaurin bango da ke tare hayaniyar titi, saboda haka mai yi wa baƙi bayani ba ya buƙatar ɗaga murya. Wanda ya taɓa koyarwa a aji mai rufin kwano ana ruwan sama ya san bambancin. Hanci kuwa yana samun ƙamshin ƙasa idan an yayyafa ruwa a daɓe kafin shara. Tafin ƙafa yana jin santsin daɓe idan an tuɓe takalmi, tafin hannu yana jin sawun yatsun wanda ya yi yaɓe. Har tsarin tafiya gini ne ke shirya shi: ƙofofin zaure da shigifa ba sa fuskantar juna, don haka ba a hango ciki daga waje, sai an juya, an fita fili, an sake shiga duhu. Wannan tsari domin sutura da kunya aka yi shi a gidan Bahaushe, amma ya dace da gidan tarihi, inda ake so baƙo ya ga abu ɗaya ya gama kafin ya ga na gaba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A irin wannan gini har ganin ma bai wadatar ba, domin hoto yana iya nuna bakan gizo, amma ba ya ɗauke da sanyin ɗakin ko shirunsa.

6.0 Raunin Ginin Ƙasa

Ba daidai ba ne malami ya yabi ginin ƙasa ya ɓoye aibinsa. Yana zubar da ƙura a kan kayan da aka baje. Gara da ta bar azara ba ta barin zana da akwatunan katako da littattafai. Ɓarawo yana iya huda bango. Babban abokin gabarsa kuwa shi ne ruwa, musamman a bangon gabas, inda hadari ya fi bugawa. Indararo guda idan ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, dare ɗaya ya isa a yi asarar abin da aka adana shekara ɗari. Saboda haka kayan da ba su da madadi, kamar tsofaffin rubuce-rubuce, suna buƙatar akwatunan gilashi ko na ƙarfe masu rufi, a ɗage su daga ƙasa, a nisanta su da bango.

Maganin da mutane suka fi garzayawa gare shi shi ne shafe bangon ƙasa da siminti, kuma sau da yawa shi ne ajalin ginin. Siminti ba ya numfashi. Ruwan da ya shiga ta tsaga ba ya samun hanyar fita, sai ƙasar ta jiƙe daga ciki, wata rana simintin ya ɓanɓaro falle guda ya taho da rabin bangon. Ginin ƙasa yaɓe yake so na ƙasa irin tasa, duk shekara ko bayan shekara biyu, kafin damina ta faɗi. A garin Jenne na ƙasar Mali, babban masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye har yau ne domin mutanen gari suna fitowa kowace shekara su yaɓe shi a rana guda, kamar aikin gayya.

Labarin Masallacin Zariya ya nuna abin da kan faru idan aka bi wata hanyar. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na zamani ya lulluɓe abin da aka bari na aikin Babban Gwani, ya zama bakunansa suna nan a ciki amma surar ginin ta waje ta tafi. Kafin haka, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna gine-ginen gargajiya da dama a Nijeriya ya zana su. Da waɗannan zane-zane aka gina kwatankwacin masallacin a Jos, tare da na wani sashe na fadar Katsina da na ganuwar Kano, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da aka kafa a can. Aiki ne da ya cancanci yabo, ya kuma adana sura da ma'auni. Sai dai ruwan Jos ya fi na Zariya da Kano yawa, kuma ginin da ba a salla a cikinsa ba shi da jama'ar da za ta ji ciwon tsagewarsa. Gyaransa ya dogara ga kasafin kuɗin hukuma. A ra'ayin mai wannan darasi, wanda yake son adana ginin ƙasa, magini zai fara adanawa, ta hanyar ba shi aiki a kai a kai da zai sa ɗansa ya ga dalilin koyon sana'ar.

Fasahar ba ta mutu ba. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa bakuna da hasumiyoyi, har ginin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A ƙasar Sin ma, gidan tarihi na birnin Ningbo da Wang Shu ya tsara, wanda aka buɗe a 2008, da tsofaffin tubala da fale-falen rufi na ƙauyukan da aka rushe aka yi fuskar bangonsa, domin mutanen wurin su taɓa abin da ya rage na gidajen iyayensu. Maginin da ke tsamo azara daga kango ba zai ga baƙon abu a nan ba.

7.0 Darasin a Arewacin Zamfara

Yankin Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi yana da tarihin da ya isa a gina masa gida. Zurmi mazaunin Fulani Alibawa ce, daga cikinsu kuma Namoda ya fito, jarumin da ya taka rawa a yaƙin da aka ci Alƙalawa a 1808, wanda garin Ƙaura yake ɗauke da sunansa. A 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda ya tsaya, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, kayan gini na Turawa kuma suka sami hanyar shigowa. Shinkafi ta yi suna da kasuwarta da ke haɗa fataken Nijeriya da na Nijar. A tsofaffin unguwannin waɗannan garuruwa ana iya ganin zamani uku a layi guda: soro mai azara, da ginin ƙasa mai rufin kwano, da ginin bulo da siminti.

Akwai kuma abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Rashin tsaron da ya addabi yankin tun daga shekarun 2010 ya tayar da ƙauyuka da dama. Gidan bulo da aka gudu aka bari yana iya jiran mai shi shekaru. Gidan ƙasa kuwa damina biyu ko uku ba yaɓe sun isa su mayar da shi tudu. Magina tsofaffi da suka yi hijira zuwa cikin gari ba su da wanda zai ce su ɗaura masa guga. Idan suka ƙare, kalmomi irin su laso da katsi da ɗaurin guga za su rage a ƙamus kawai.

Halin hanya ba zai bar kowane malami ya kwashi ɗalibai zuwa Kano ko Jos ba, kuma bai kamata ya jefa su cikin haɗari domin yawon buɗe ido ba. Abin da yake buƙata yana cikin gari. Ya nemi izinin mai unguwa ko mai gida, ya kai ɗalibai wani tsohon zaure da rana tsaka, su zauna shiru na ɗan lokaci, sannan su koma ajinsu mai rufin kwano su rubuta bambancin da jikinsu ya ji. Wannan darasin al'ada ne da na insha'i a lokaci guda, domin siffanta sanyi da duhu da ƙamshi yana tilasta wa yaro ya nemo kalmomi da amsa-kama da bai saba amfani da su ba. Ya gayyato magini zuwa makaranta, a ba shi girmansa na malami, ya mulmula tubali a gaban yara. Ya kuma kula da karin harshe: a rubuta kowace kalma yadda maginin Zamfara ya faɗe ta, kamar yadda ake cewa garka a inda Bakano zai ce ƙofar gida, sannan a kawo takwararta ta daidaitacciyar Hausa a gefe. Kada a gyara wa dattijo bakinsa.

8.0 Jinga

1. Bayyana yadda ake gina bakan gizo, tare da dalilin da ya sa magini yake buƙatarsa.

2. A ce ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda ta nemi shawararka kan ginin da za a ajiye kayan tarihin garin. Wane ɓangare za ka ce a yi da ƙasa, wane kuma da kayan zamani? Kawo hujjojinka, ka kuma faɗi wanda zai riƙa yaɓe shi.

3. Yi hira da magini ɗaya a garinku, ka tattaro kalmomin sana'arsa guda ashirin yadda ya furta su, ka nuna waɗanda matasan unguwarku ba su san ma'anarsu ba.